Ƙuri'ar Tiyatar Auta

Daga sansanin aikin hanya

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma lafiya lau, in ban da bayan nan da kujerar gireda ta gama cinyewa.

Bari in tuna miki ko ni wane ne, tunda na ga alamar an manta. Ni da marigayiya mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙani ne. Kawunki nake, ko da nisa. Albarkacin wannan zumuncin na yarda Auta da uwarta suka niƙi gari suka sauka a gidanki, don a duba ciwon nan na rashin haɗiya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na gode da masauki.

Amma magani na aiko a nema mata. Jiya motar da ke kawo mana abinci ta zo da wasiƙar Auta, a ciki ta rubuta, kamar mai ba da labarin kasuwa, wai ta sa hannu a takardar bincike, za a gwada wani sabon aiki a kanta. Na karanta, na goge tabarau, na sake karantawa. Bincike! Da izinin wa? Ubanta ya mutu ne?

Shekara talatin ina kan manyan motoci, na san yadda ake gwaji. In kamfani ya kawo sabon inji, ba a kan titi mai kyau ake gwada shi ba, sai a nemi wani kwazazzabo da ba wanda zai yi kuka in an lalata shi. To, 'yata ba kwazazzabo ba ce. In kuna neman zakaran gwajin dafi, ai kina da 'ya'ya, malamanki ma suna da su. Ba a kan Auta za a koyi aski ba.

Ki yaga takardar nan. A ba ta magani ta sha, in babu a sako mini su a mota.

Kawunki.

*

Daga asibitin koyarwa

Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Allah ya sawwaƙe ciwon baya. Ka riƙa sauka daga motar kana miƙewa, kuma ka daina haɗiyar ƙwayoyin nan barkatai.

Ka tambayi izinin wa. Izinin Auta. Shekarunta ashirin da huɗu, tana da shagon ɗinki da hankalinta. Ni ba ni da ikon yaga abin da ta sa wa hannu, kai ma haka.

Tunda ba ka tambayi abin da ke damunta ba, bari in faɗa maka. Inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka kamar bakin jaka. In mutum ya haɗiye loma sai ta saki, lomar ta wuce. Ta Auta ba ta saki. Abinci ya taru a ƙirji, ya yi tsami, ya dawo. Mun ba ta wani farin ruwa mai kauri ta sha muka ɗauki hoto: hanyar ta kumbura kamar salka, ƙarshenta ya tsuke kamar bakin tsuntsu. Ciwon ba shi da yawa, likita zai iya tsufa a kan aiki bai ga uku ba. Babu ƙwayar da ke warkar da shi. Sai an tsaga tsokar.

Hanya biyu ce. Tsohuwa, a buɗe ciki da yanka babba. Sabuwa, a yi ƙananan huji a zura kyamara da dogayen almakasai. Dukansu ana yin su, ba mu muka ƙirƙiro ba. Abin da ba a tabbatar ba shi ne wacce ta fi wa mai irin wannan ciwon, yau da kuma nan da shekaru. Binciken ke nan. Asibitoci da dama sun haɗa kai, duk wanda ya yarda sai kwamfuta ta yi masa ƙuri'a, ya faɗa ɗaya daga cikin biyun, a bi lafiyarsa bayan aiki. Wanda bai yarda ba a yi masa tsohuwar, ba wanda zai harare shi.

Farfesanmu ya zauna da ita ya yi mata wannan bayani. Ta dube shi ta ce, "To in ba ku san wacce ta fi ba, me ya sa kuke yawo da farar riga?" Ya ce, "Don kada a gane." Ta yi dariya, ta tafi da takardar gida, ta karanta wa mahaifiyarta, sannan ta sa hannu.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Shekara shida yarinyar nan tana cin abinci a tsaye, tana dukan ƙirji, tana kora kowace loma da kofin ruwa. Da kwano take kwana a gefen gado. Ita ke rage wa kanta riguna, har ta gaji ta koma ɗinka na yara tana sawa. Da ta hau sikelinmu nas ta ɗauka ya lalace. Mahaifiyarta ta ce duk zuwanka hutu sai ka ce iyayi ne, tana son ta zama siririya ne irin na 'yan matan zamani, ka sayo maganin gyambon ciki ka ajiye ka tafi. A lokacin ubanta yana ina?

'Yarka,
Likita.

*

Likita,

Na samu wasiƙarki, na ji kuna lafiya. Bayana ya yi sauƙi ba da shawararki ba.

Ashe haka ake koya muku magana da manya a makarantar likitoci. Ina can ina haɗiyar ƙura don su ci su sha, keken ɗinkin da take taƙama da shi ma wa ya saya? Ban yi karatun ƙirji ba. Likitoci uku na kai ta, duka gyambon ciki suka ce. In akwai mai laifi, ki neme shi a cikin masu farar riga 'yan'uwanki.

Sai maganar ƙuri'a. Wallahi da na zo wurin nan sai da na ajiye takardar na fita na zagaya. Rai guda, ku miƙa wa na'ura ta yi muku canki-canka? Ko taya zan saya ba na rufe ido in nuna.

Amma na nuna wa nas ɗin sansaninmu wasiƙar. Dattijo ne, ya yi aiki a babban asibiti kafin ya zo nan. Ya ce aikin huji ya fi nesa ba kusa ba: ba jini, ba tabo, mutum ya tashi da wuri. Ya ce shi manya ke tafiya ƙasashen waje a yi musu. Na kwana ina tunani. Auta mace ce, ba ta yi aure ba, kuma jikin da kika kwatanta ba zai ɗauki yanka babba ba.

Saboda haka ga abin da na yanke. Tunda ta riga ta sa hannu, a yi mata na hujin. Kada ki ce mini kwamfuta. Kwamfuta ba ta da hannu, mutum ke danna ta, kuma kina cikin masu dannawa. Kowa a wurin aikinsa yana da ƙofar baya. Ni nan in ɗan'uwa ya zo neman aiki na san kunnen da zan raɗa wa. In ba za ki iya yi wa jininki wannan ba, ban ga amfanin karatunki ga dangi ba. Naka naka ne.

Kuma ke nake so ki yi aikin da hannunki, ba wani baƙo ba.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Auta tana nan, ana ƙara mata ruwa da abinci ta jijiya don ta yi ƙwari kafin aiki.

A wasiƙar farko zakaran gwajin dafi muka mai da ita. A ta biyu kuma so kake a ba ta dafin ta ƙofar baya. Ka zaɓi ɗaya.

Ba ni da hannu a ƙuri'a. A wani ofishi ake yin ta, a wani gari, su aiko mana da sakamako. An yi haka ne saboda irin wasiƙarka. Kuma likita ba ya yi wa ɗan'uwansa tiyata, hannu yana rawa. Farfesa ne zai yi, ni ko ɗakin ba zan shiga ba.

Sakamako ya zo shekaranjiya. Abin da kake so ne ya fito, sai hankalinka ya kwanta. Za a yi aikin makon gobe in Allah ya kai mu.

Ina sauri, marasa lafiya na jira.

Likita.

*

'Yata Likita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, a shafa mini kan yara.

Na karanta, na kuma gane. Ai ba yaro ba ne ni. Na san akwai abin da ba a rubutawa ɓaro-ɓaro a takarda, kada ta faɗa hannun da bai dace ba. "Abin da kake so ne ya fito." To, madalla. Na nuna wa nas ɗinmu, ya yi murmushi ya ce yarinyar nan ta san hannunta. Bakina alaikum, ba wanda zai ji.

Da kin yi haka tun farko ba tare da tsiwa ba, da ba mu ɓata takarda ba. Amma na yafe. Marigayiya ma haka take, sai ta gama faɗa sannan ta yi maka abin da ka roƙa.

Ki rubuto da zarar an fito da ita.

Kawunki.

*

Likita,

Babu doguwar gaisuwa yau.

Motar abinci ta zo ta koma, ta sake zuwa ta koma, kullum ni ne na farko a bakin ƙofar sansani, direba har ya fara kawar da kai in ya hango ni. Ba wasiƙarki, ba ta Auta. Na ce shiru alheri ne, suna fama da jinya.

Yau wani direban tanka da ya biyo ta garinku ya tsaya shan ruwa. Uwar Auta ce ta tare shi a tasha, ganin tambarin kamfaninmu a jikin motar. Saƙon baki ta ba shi: a gaya wa baban Auta an sake shiga da ita tiyata, jiki ya tsananta, tana ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. A gaban leburori ya faɗa mini, yana goge baki.

Daga bakin direban tanka zan ji 'yata tana hannun Allah? Kina da takarda, kina da biro, kina da bakin da ya iya tsara wa kawunki rashin kunya shafi biyu. Yanzu da abu ya lalace bakin ya mutu?

Na nemi hutu, shugaban aikinmu ya ce sai an haɗe gadar da muke ginawa, in na tafi kada in dawo. Ina zaune a kan gireda ina tura ƙasa ban san ko 'yata tana numfashi ba. Jiya saura kaɗan in danne mai ba ni hannu yana nuna mini hanya.

Ki gaya mini gaskiya. In ta rasu ne kuke ɓoyewa, ki faɗa. Ke kika zaɓa mata wannan aiki, ke za ki amsa.

Uban Auta.

*

Kawu,

Auta tana da rai. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran. An fito da ita daga ɗakin kulawa ta musamman, tana magana, tana zama a kujera.

Ban rubuto ba don kullum abin da zan rubuta da safe yakan canza kafin la'asar, kuma na san wasiƙa tana daɗewa a hanya. Ban so in ce maka ta samu sauƙi takardar ta iske ka bayan an binne ta. Ko ka yarda da wannan dalili ko kada ka yarda, shi ne.

Ga abin da ya faru. Tsokar da ake tsagawa tana manne da wata fata ta ciki, siririya kamar ɓawon albasa. A jikin Auta, saboda shekarun da abinci ya yi yana kwana a wurin, fatar ta yi laushi fiye da kima. An gama aiki lafiya a ganin ido. Washegari da rana nas ta kira ni: zazzaɓi ya rufe ta, zuciya tana gudu, tana cewa kafaɗarta kamar an soka mata ƙusa. Hoto ya nuna fatar ta huje, ƙaramin huji, yana yoyo a ciki. Farfesa ya sake shiga da ita nan take, wannan karon da yanka babba. Ya ɗinke, ya wanke, ya sa robobin da ke janye ruwa. Bayan haka ƙwayoyin cuta suka shiga jininta. Nan ne muka kusa rasa ta.

Ina bakin ƙofar ɗakin tiyata tare da mahaifiyarta. Ta riƙe mini hannu tana tambaya, "Ke da kika san ciki, me suke yi yanzu?" Na san abin da suke yi daki-daki, ban iya faɗa mata ko ɗaya ba. Kada ka ƙara rubuto mini cewa kai kaɗai ne a kan wuta.

Ranar da aka canza mata bandeji tana farke, ta leƙa cikinta ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Yaya Likita, wa ya yi ɗinkin nan? A karkace yake. Da yarinyar shagona ce da ta warware shi." Farfesa yana tsaye. Ya ce ya karɓi gyara.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Wasiƙarka ta godiya ta iso ranar da aka sake shiga da ita, ban buɗe ta ba sai daga baya. Na rubuta maka da Hausa ba ni da hannu a ƙuri'a. Ka tsallake wannan, ka ɗauki layi ɗaya ka yi masa fassarar son ranka, har kana nuna wa mutane. Ka san in wannan maganar ta kai kunnen kwamitin da ke sa ido a kan binciken, aikina ya ƙare, kuma wahalar duk marasa lafiyar da suka shiga ta tashi a banza? Ban zaɓa mata ba. Da ƙuri'a ta ba ta tsohon aiki, shi za a yi, ka yi ta zagina. Kuma irin wannan hujin yana faruwa a tsohon aikin ma, yana cikin takardar da ta karanta.

A cikinmu mutum ɗaya ne ya ce lallai sai a yi mata na huji. Wasiƙarsa tana nan a wurina.

Likita.

*

Likita,

Alhamdu lillahi da Allah ya tashi kafaɗarta. Shi na gode wa. Ina fatan mutanen gidanki suna lafiya.

Wato yanzu ni ne na huda ta. Ni da ke nan cikin daji, da hannuna mai baƙin mai. Sannu da wayo. In kin taɓa ƙuri'ar, ke kika jefa ta. In ba ki taɓa ba, kin tsaya kina kallo na'ura ta jefa ta, kina da ikon cewa a yi mata wanda kuka daɗe da iyawa. Ko ta ina aka biyo, a ƙofarki ake tsayawa. Ni jahili ne, na ji a bakin wani na faɗa. Ke fa da kika sani? Wa ya fara kawo mata takardar? Ba ke ba?

Kuma ki daina yi mini barazana da wasiƙata. Ajiye ta kika yi don ranar shari'a?

An ce ba tabo, yanzu tana da na huji tana da na yanka. Riba biyu ke nan. Uwarta ta aiko cewa har yanzu ta roba ake ba ta abinci, kuma wai kullum sai wasu sun zo da takardu suna tambayarta, suna auna ta, har an ɗauki hotunan cikinta za a kai taron likitoci. Cikin 'yata ne za a haska a bango ƙarti suna kallo suna shan shayi?

Ki cire sunanta daga binciken nan yau. A ba ni hotunan. Kun gwada, kun gani, ya isa. In ba haka ba zan tara dangi kaf in karanta musu abin da 'yar marigayiya ta yi wa 'yar'uwarta, a san irin zumuncin da ake yi da ke.

Uban Auta.

*

Kawu,

Muna lafiya. An cire wa Auta roba ɗaya, ta fara kurɓar ruwa da madara, suna wucewa.

E, ni na kawo mata takardar, kuma da wata za ta zo gobe da irin ciwon zan kai mata. Ka tara dangin. Ka haɗa da wasiƙunka duka ka karanta musu, kada ka tsallake layi.

Fita daga bincike haƙƙin Auta ne, ko yau ta ce ta fita an gama, ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba ta. Na kai mata wasiƙarka ta karanta da kanta, na fita na ba ta wuri. Da na dawo ta tambaye ni, "In na fita, me za a rubuta a kaina?" Na ce za a rubuta abin da ya faru zuwa yau, daga nan shiru, ba za a san yadda kika ƙare ba. Ta ce, "Wato waɗanda abin ya yi wa kyau su za su tsaya a ƙirga su har ƙarshe, mu da muka sha wuya mu gudu gida? Ai sai a ce aikin ba shi da aibu." Ta ce in gaya maka an riga an yanka yadi, barin shi a haka ne asara.

Hotunan ba fuska, ba suna. Ta gan su, ta ce ko ita ba ta gane kanta ba.

Abin da ya same ta mun kai wa kwamiti a rubuce tun a makon. Sun dakatar da aikin huji a duk asibitocin har aka duba, yanzu an sa doka: kafin a rufe kowa sai an zuba ruwa mai launi ta hanyar abinci an tabbatar ba yoyo. Akwai wata 'yar makaranta a gadon da ke kusa da nata, irin ciwonsu ɗaya, ita ce ta farko da aka yi wa da sabuwar dokar. Ban faɗa maka don ka ji daɗi ba. Na san ba 'yarka ba ce.

Likita.

*

Likita,

Ina fatan kuna lafiya. Na dawo sansani jiya.

An haɗe gada, na samu hutu, na zo garinku. Ban sauka a gidanki ba, ban kuma nemi inda ofishinki yake ba. Daga tasha asibiti na wuce.

Wannan asibiti naku gari ne guda. Na yi ta zagaye da jaka a kafaɗa, duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wata hanya da baki ya wuce. Na gaji na zauna a kan wani benci kusa da inda ake karɓar magani. Sai ga wata 'yar ƙaramar ma'aikaciya da koren kaya da hular leda da takalmin roba, da gani ta kwaso gajiya. Ta ce, "Baba, wa kake nema?" Na faɗa mata. Sai ta ɗauki jakata ta ce in biyo ta. Na'urar hawa bene ta lalace, muka bi matakala, tana tsayawa a kowane hawa don in huta, ba tare da ta nuna don ni take tsayawa ba. Ciwon da ke raina ya sa na ba ta labarin duk abin da kika yi mini. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. A ƙofar ɗakin ta ajiye jakar ta ce gado na ƙarshe ta hannun dama. Na sa mata albarka, na ce Allah ya ba ta 'ya'ya masu jin ƙanta. Irin waɗannan ake kira 'ya'yan mutane. Da za ki neme ta ki koyi yadda ake yi wa babba magana, da kin ƙaru.

Na samu Auta a zaune tana cin shinkafa mai laushi da ƙwai. A zaune, Likita. Ba kofin ruwa a hannu, ba dukan ƙirji. Ta kai loma, ta tauna, ta haɗiye, ta ɗago ta ce, "Baba, ka ga ta wuce." Na tsaya ina jiran ta dawo, ba ta dawo ba. Wani abu ya faɗa mini a ido, na fita baranda na ɗan jima.

Da na ba su labarin ma'aikaciyar nan, Auta ta kama dariya tana riƙe ciki, uwarta ta sunkuyar da kai. Ban ga abin dariya ba.

Na ce ta haɗa kaya mu tafi, ta ƙi, wai sai an sallame ta, kuma za ta riƙa dawowa awo har shekara biyu. Kin raba ni da 'yata, ta daina jin maganata. Allah ne ya warkar da ita, ba ƙuri'arku ba. Ban tara dangi ba saboda darajar marigayiya, amma tsakanina da ke gaisuwa ce kawai in an haɗu. Kada ki wahalar da kanki da amsa.

Uban Auta.

*

Kawu,

Barka da komawa lafiya. Yara suna gaishe ka. An sallami Auta, tana gidana, har ta karɓe keken ɗinkin maƙwabciyata tana gyara wa unguwa kaya. Ta fara ƙorafin rigunanta sun matse ta.

Ka ce kada in amsa, amma akwai gyara ɗaya. Ka ce ba ka neme ni ba. Gaskiya ne, ni na same ka. Na fito daga tiyata ke nan na ga dattijo a kan benci da jaka mai tambarin kamfanin hanya, yana zaune a karkace irin zaman mai ciwon baya. Kafin ka faɗi sunan Auta na gane ka, goshinku ɗaya da mahaifiyata. Kai kuwa rabonka da ni tun ina rarrafe.

Na yi niyyar faɗa maka a hawa na farko. Sai ka fara ba ni labarin wata 'yar'uwarka likita mara kunya, mai girman kai, wadda ta sayar da jininta saboda suna. Na ce bari in ji ƙarshensa. A hawa na uku ka tsaya kana haki, ka ce mini tun da aka haifi Auta ba ka taɓa jin tsoro irin na ranar da direban tanka ya zo ba, kuma da ka san ciwon gaske ne da ba ka bar ta shekara shida ba. Wannan ba ka taɓa rubuto mini shi ba. Baƙuwa ka faɗa wa, don haka ban ji ba.

Jakarka ta yi nauyi da yawa ga mai irin bayanka. Ka rage kaya.

Gaisuwa kawai in an haɗu, na yarda, ban nemi ƙari ba. Awon Auta na gaba farkon wata ne, za ta zo ko da kai ko ba kai.

Albarkar da ka sa mini a ƙofar ɗaki kuwa na riga na ce amin. Ba a karɓar ta a mayar.

'Yarka,
Likita.